Daren da ba ya cikin littafi: yadda mutum ke shiga hannun hukuma da ƙafarsa, a fito da shi a tabarma

Takalmansa ta fara gani. Silifas ne shuɗaye, an ɗaure igiyar na hagu da waya, suna cikin tarin takalma da bel-bel da aka zube a gefen wata ƙofar ƙarfe. Maƙwabciyata ce, dattijuwa, tana neman ɗanta, ta ɗauko ni ne saboda ina jin Faransanci. Tun hantsi muke yawo a cikin Garwa, mun je wuri biyu an ce ba a kawo mai irin wannan suna ba. A na uku ma abin da mai tebur ya faɗa ke nan, ko kai bai ɗaga ba.

Sai ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malam, ga takalminsa can. A gabana ya ɗaure shi da wayar nan."

Na ce wa mai tebur, "Shef, don Allah a taimaka a sake duba littafi." Ya jawo littafin, ya juyo mini shi, ya ce in duba da kaina. Na bi layi-layi da yatsa. Bai yi ƙarya ba, babu sunan. Yaro yana bayan ƙofa, taku biyar daga inda muke tsaye, amma a takarda ba a kama shi ba.

Ranar Asabar ce cikin watan Afrilu, lokacin da ko inuwar Garwa ba ta da sanyi. Ɗan kalando ne, wato ɗan acaba, an kama shi tun la'asar ɗin Juma'a, wai wani fasinja da ya ɗauka ya nemi wayarsa ya rasa.

Tun daga ranar na sauya yadda nake kallon wannan magana. In an ce mutum ya mutu a hannun hukuma, hankalinmu kan tafi wajen bindiga, ko wajen wani mugun jami'i guda ɗaya mai jan ido. Akwai bindigar, akwai mugun. Amma a ganina inda ajali ya fi laɓewa shi ne tsakanin lokacin da aka cafki wuyan rigar mutum da lokacin da aka rubuta sunansa, sai kuma daren farko a ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Wanda ba a rubuta ba, ba wanda zai amsa tambaya a kansa.

Mu a unguwa duk mai kaki soja ne, alhali ba ɗaya suke ba. A Kamaru, ɗan sanda na komisariya, wato ofishin 'yan sanda, yana ƙarƙashin hukumar tsaron ƙasa da ke rataye da fadar shugaban ƙasa. Jandarma na birgad, wato ofishin jandarma, soja ne, yana ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, kuma in ya yi laifi a bakin aiki kotun soja ce gidansa. Sai dakarun BIR, sojojin kai ɗaukin gaggawa, waɗanda asalin kafa su don yaƙi da zargina masu tare hanya ne, daga baya aka tura su gaban Boko Haram. Sanin wanda ya ɗauki ɗanka shi ne rabin neman sa, domin kowannensu da inda yake ajiye mutum, da wanda ake kai wa kukansa.

Dokar da ke tafiyar da kamu a Kamaru ita ce kundin tsarin shari'ar laifuka na 27 ga Yuli 2005, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2007. Duk wanda ya karanta shi zai yi mamakin kyansa. Sashe na 30 ya ce jami'i ya fara da umartar mutum ya biyo shi; sai in ya ƙi ne za a yi amfani da ƙarfi, kuma gwargwadon turjiyarsa; sannan ya hana a cutar da wanda aka kama a jikinsa ko a hankalinsa. Sashe na 37 ya ce a ba shi damar tuntuɓar iyalinsa da lauya da likita. Tsarewar farko a ofishin 'yan sanda ko na jandarma, wadda suke kira gardabi, sashe na 119 ya ƙayyade ta awa 48, ana iya sabuntawa sau ɗaya. Bayan haka sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara, shi ma sau biyu kawai, kuma da dalili. Wanda aka san gidansa ma, a ƙa'ida ba a kulle shi sai in babban laifi ne ko an kama shi dumu-dumu, kuma akwai ƙwaƙƙwarar alama a kansa. Sashe na 122 ya ce lauya da dangi suna iya ziyartarsa, ya ɗora ciyar da shi a wuyan gwamnati. Na karanta wannan na yi dariyar takaici, don ban taɓa ganin wanda ya ƙoshi a sel ba in ba da kwanon gidansu ba.

Akwai wata gaɓa a sashe na 119 da ta fi shafar talaka. Doka ta hana a fara gardabi ranar Asabar ko Lahadi ko ranar hutu, in ba kamun dumu-dumu ba ne. Amma ta yarda in an fara ranar Juma'a a ci gaba. Ga ƙofar da ake bi. Shi ya sa mai son ya wulaƙanta abokin rigimarsa ba ya kai ƙara Litinin. Juma'a da yamma yake zuwa, lokacin da kotu ta tashi, mai gabatar da ƙara ya tafi gida, lauya ya kashe waya. Kowa a kasuwa ya san wannan lissafi, ko da bai taɓa buɗe kundin doka ba.

Sai kuma ƙofofi biyu manya da aka huda a jikin wannan katanga. Dokar kiyaye zaman lafiyar jama'a ta Disamba 1990 ta ba gwamna da sauran masu mulkin yanki ikon tsare mutum kwana 15, ana sabuntawa, da sunan yaƙi da manyan 'yan fashi. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 23 ga Disamba 2014 ita ma kwana 15 ta bayar, ana sabuntawa, ta kuma miƙa shari'ar ga kotun soja. A arewa, inda kalmar "ɗan Boko Haram" take da arhar furtawa, waɗannan biyun sun haɗiye awa 48 ɗin nan ɗanye.

To mene ne ƙarfi gwargwado? Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a birnin Habana a 1990 sun tsaya kan abu biyu: sai ya zama dole, kuma kada ya wuce buƙata. Bindiga ba ta fitowa sai in ran wani yana cikin haɗari a wannan lokacin. Ɓarawon akuya da ya ruga da gudu ba haɗari ba ne ga ran kowa, don haka harbinsa a baya kisa ne, ba kamu ba. Kuma ƙarfin da aka halatta yana da wa'adi. Da zarar an sa ankwa, mutum ya daina turjiya, izinin ya ƙare. Marin da ya biyo baya, da gindin bindigar da ake dirka masa a bayan mota, da takalmin da ake taka masa kai da shi, waɗannan hukunci ne tun kafin shari'a, kuma doka ba ta ba mai kamu wannan kujera ba.

Ba na cikin masu cewa aikin nan mai sauƙi ne. Wanda ya ga abin da ya faru a Marwa a watan Yulin 2015, lokacin da 'yan ƙunar baƙin wake suka tashi bama-bamai a tsakiyar jama'a sau biyu cikin mako guda, ya san jami'in da ke tsaye a shinge yana da dalilin jin tsoro. Akwai birgad ɗin da motarsa ɗaya, man ma sai mai ƙara ya saya. Ba kayan ɗaukar zanen yatsa, ba ɗakin gwaji, ba lokacin bin sawu. Jami'in da aka ce ya kawo sakamako kafin Litinin, kuma ba shi da komai a hannu sai kulki, jikin wanda ake zargi shi ne zai zama wurin bincikensa. Ba uzuri nake ba shi ba, ina faɗin inda tushen yake ne. Muddin "ya amsa laifinsa" ita ce sarauniyar hujja, duka ba zai ƙare ba, duk da cewa sashe na 315 ya ce amsa laifin da aka samu ta hanyar tilas ko azaba ba hujja ba ce a gaban alƙali.

Yanzu bari in tsaya kan abin da ba a cika bayyanawa ba, wato yadda mutum ke mutuwa ba tare da an yi niyyar kashe shi ba, har waɗanda suka kashe shi su rantse da gaske cewa su ba su kashe shi ba.

In aka kifar da mutum rub da ciki, aka ɗaure hannuwansa ta baya, wani ya hau gadon bayansa ko wuyansa, ƙirjinsa ba ya samun wurin buɗewa. Yana iya magana, yana iya ihu, amma iskar da ke shiga ba ta kai wadda jikin da ya sha kokawa yake buƙata. Da ya ji yana shaƙewa sai ya ƙara shure-shure, su kuma su ɗauka taurin kai ne su ƙara dannawa. Duniya ta ga wannan a Amurka a watan Mayun 2020, lokacin da ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa sama da minti tara. Bambancin kawai a can akwai mai waya a tsaye. A ƙasan motar sintiri, tsakanin ƙafafun mutum shida, babu.

Akwai ɗauri. Mutanen Cadi sun san arbatashar tun zamanin mulkin Hissène Habré, tsohon shugaban ƙasarsu: a haɗa hannuwa da ƙafafu ta baya a tamke har ƙirji ya banƙare. Jini ya daina zagayawa, jijiya ta mutu, wani ya tashi da shanyayyen hannu har abada.

Akwai dukan da ba ya fasa fata. A yi ta zabga wa mutum a tafin ƙafa da cinya da mazaunai, wuraren da riga da wando ke rufewa. Naman da aka daddatsa yana sakin wani sinadari cikin jini, wanda ke zuwa ya toshe ƙoda. Alamarsa fitsari ya koma kamar baƙin shayi, sannan ya ragu, sannan ya ɗauke. In ga ƙishirwa a kai, abin ya fi sauri. Mutum yana iya fita daga sel da ƙafarsa, ya mutu a gadon uwarsa bayan kwana huɗu ko biyar, a ce ciwon ƙoda ne. Haka wanda aka buga wa gindin bindiga a ka: ya tashi ya yi magana lafiya, ya ce kansa na ciwo, ya kwanta, jini yana taruwa a cikin ƙoƙon kai, da asuba a taɓa shi a ji ya yi sanyi.

Akwai mai ciwon suga ko asma ko farfaɗiya da aka raba da maganinsa a bakin ƙofa tare da bel da takalmi.

Sai babban makashin wannan yanki namu, wanda ba ya barin tabo ko ɗaya: ɗaki. Ƙaramin ɗaki mai rufin kwano, tagarsa tafin hannu, a cusa mutum talatin ko hamsin a rufe. Kowane jiki murhu ne. Zufa ta ƙare, iska ta gurɓace, masu ƙarfi su danne raunana wajen neman bakin ƙofa inda 'yar iska ke shigowa ta ƙasa.

Ba zato nake ba. A Lere, can Mayo-Kebbi ta Yamma a Cadi, garin da ba shi da nisa da iyakarmu in ka bi ta Figil, mutum tara suka shaƙe suka mutu a ɗakin tsarewa na jandarma a watan Satumban 2011, sa'o'i kaɗan bayan an kulle su. A ranar 27 ga Disamba 2014 jami'an tsaro suka yi wa ƙauyukan Magdeme da Duble na Mayo-Sava ƙawanya, suka kwashe maza da samari sama da 200 bisa ƙididdigar Amnesty International, aka kai su hedikwatar jandarma a Marwa. A daren nan aƙalla 25 suka mutu. Gwamnati da bakinta ta amsa wannan adadi a watan Maris 2015, ta kuma sauke shugaban jandarman yankin. Shekaru bayan haka Amnesty tana ta tambayar inda sama da 130 daga cikinsu suke, da inda aka binne waɗanda suka mutu. Disamba fa, lokacin hunturu. Ka auna da a ce bazara ce.

An kuwa gwada a bazara. Bayan harin Bohoma na watan Maris 2020, inda sojojin Cadi kusan 100 suka rasu, aka kawo mutum 58 Njamena a matsayin 'yan Boko Haram. Ranar 16 ga Afrilu aka wayi gari 44 sun mutu a ɗaki ɗaya. Gawa huɗu kawai aka yi wa binciken likita, aka binne sauran, aka ce an ga alamar guba, har aka fara raɗe-raɗin wai kansu suka kashe. Sai a watan Agusta hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar Cadi, ba wata ƙungiyar Turawa ba, ta fitar da rahotonta: cunkoso ne da zafin da ya kai digiri 46 da ƙishirwa da yunwa, kuma mutanen fararen hula ne da aka kamo bayan an gama faɗa. Rahoton ya ce sun kwana suna kururuwa da addu'a, masu gadi ba su buɗe ba. Bayan zanga-zangar 20 ga Oktoba 2022 a Cadi kuma aka loda ɗaruruwan matasa a manyan motoci zuwa kurkukun Koro Toro a tsakiyar hamada, tafiyar kwanaki ba isasshen ruwa. Human Rights Watch ta tabbatar da mutuwar aƙalla 11, wasu tun a hanya.

Duba duka waɗannan, harsashi nawa aka harba a cikin ɗakin? Ko ɗaya. Mabuɗi ne da kofin ruwa da aka hana.

Shi ya sa in sanarwa ta fito cewa wane "ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya", ba lalle ƙarya ce tsagwaronta ba. Ƙodar ta tsaya da gaske, zuciyar ta buga da gaske. Tambayar ita ce me ya tsayar da ita, kuma wa ke riƙe da mabuɗi a lokacin. Kwamitin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fayyace wannan a 2018: in mutum ya mutu a tsare ta hanyar da ba ta saba ba, ana ɗaukar alhakin yana kan hukuma har sai ta wanke kanta da bincike na gaskiya. Ba uwar mamaci ce za ta kawo hujja ba. Wanda ya karɓi amana shi ke bayanin yadda ta salwanta, wannan ko a fiƙihunmu haka yake.

Su ma masu ilimi da suna ba su tsira ba. Masu sauraron rediyo ba su manta da Ahmed Abba ba, wakilin sashen Hausa na RFI, wanda aka kama a Marwa ranar 30 ga Yuli 2015, ya yi watanni ba lauya ba dangi, kotun soja ta yanke masa shekara 10 a 2017, aka rage a ɗaukaka ƙara, ya fito a watan Disamba na shekarar. Shi yana da gidan rediyon duniya a bayansa. Samuel Wazizi, ɗan jarida a Buea, an kama shi a watan Agustan 2019, ya mutu a hannun soja cikin watan, amma sai a watan Yunin 2020 aka sanar. Wata goma lauyoyinsa suna neman ganin mutumin da ya riga ya rasu. Rahoton Amnesty na Yulin 2017 ya tattara labarin mutum 101 da aka tsare a ɓoye aka azabtar, yawancinsu 'yan arewa mai nisa, ya ambaci sansanin BIR na Salak kusa da Marwa. Gwamnati ta musanta. In haka ta faru da masu alƙalami, ina ga ɗan kalando?

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya kai yaron maƙwabciyata? Fasinja ne irinmu. Kuma na san abin da ake faɗa in an kai mutum, don na sha ji da kunnena: "Shef, a ɗan taɓa shi, zai faɗa." A ajiye kuɗin mai, a ƙara na goro. Mai bin bashi ba ya son zuwa kotu don ta daɗe, sai ya sa a rubuta bashin a matsayin zamba cikin aminci, a kulle mutum har danginsa su haɗa kuɗi. Mai gida ya rasa jaka goma, ya kai yaron shagonsa a matsa shi. Mu ne kuma in an yi ihun "ɓarawo" ko "gujjo" a kasuwa muke rige-rigen ɗaukar dutse, har wani lokaci motar 'yan sandan ce ke ceton ransa daga hannunmu. Dattawa suna tuna ƙarshen shekarun 1990, lokacin da 'yan antigan, wato rundunar yaƙi da 'yan fashi, suka sauka Marwa don maganin zargina, ana tsintar gawarwaki a bakin hanya. Da yawa a lokacin tafi suka yi, don hanya ta yi lafiya. Hannun da ka koya wa duka saboda wayarka, ba ya tambayar ɗan wane ne ranar da aka kawo naka. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Sai magana mai nauyi, wadda nake taɓawa da taka-tsantsan. Mu Musulmi muna gaggauta jana'iza, kuma daidai ne. In an kira mutum ya zo ya ɗauki gawar ɗan'uwansa, ba abin da ke ransa sai a yi wanka a sallace shi kafin la'asar. A miƙo masa takarda da Faransanci ya dangwala yatsa, bai san an rubuta cewa iyali ba sa neman bincike ba. In wani ya ce a kai wa likita, sai a ce kada a wulaƙanta mamaci, a kawo hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Hadisin gaskiya ne. Sai dai manyan majalisun fiƙihu na wannan zamani, har da ta Makka, sun halatta binciken gawa in ana neman gano musabbabin mutuwa a shari'ar laifi, domin jinin mutum ma yana da alfarma. Kuma ba kowane bincike ne ke buƙatar wuƙa ba. Likita yana iya duba jiki daga waje ya rubuta abin da ya gani. Mai wankan gawa shi ne mutum na ƙarshe da ke ganin sawun igiya a wuyan hannu, da kumburin tafin ƙafa, da shatar kulki a baya. Tarbiyyarsa ita ce ya rufa asirin mamaci, ya yi shiru. Amma wannan tabo ba aibin mamaci ba ne, aibin wanda ya yi shi ne. Hoto uku da waya kafin a sa likkafani, da shaidu biyu, ba su jinkirta jana'iza ko da rabin awa.

"Mun bar wa Allah" kalma ce mai girma a bakin wanda ya yafe yana da ikon bi. A bakin wanda aka tsoratar, ko wanda ba shi da kuɗin mota zuwa kotu, wani abu ne daban. Masu mabuɗi sun san bambancin, sun kuma san a arewa fayil yakan rufe kansa kafin rana ta faɗi.

Ana hukunta masu yi kuwa? Doka dai ba ta yi sanyi ba. Kamaru ta shiga yarjejeniyar hana azabtarwa ta duniya a 1986, Cadi a 1995. Tun 1997 azabtarwa laifi ne mai zaman kansa a Kamaru, yanzu yana sashe na 277-3 na kundin laifuka na 2016: in azaba ta kai ga mutuwa, ɗaurin rai da rai ne, kuma ba a karɓar uzurin yaƙi ko na cewa "umarni aka ba ni". A aikace, inda aka ga hukunci, za ka tarar akwai abin da ya ƙi ɓoyuwa. Saurayin da ya rasa ƙafafunsa biyu bayan tsarewa a ofishin 'yan sanda na Ombesa a 2017, hotunansa ne suka zaga ƙasa kafin a gurfanar da jami'an, hukuncin da aka yanke kuma bai kai nauyin ƙafa ɗaya ba. Sojojin da suka harbe mata biyu da 'ya'yansu a Zelevet, sai da bidiyo ya fita a 2018, aka fara musantawa, sannan a 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu shekara 10. Habré kansa, abin da ya taimaka wajen ɗaure shi rai da rai a Dakar a 2016 har da takardun 'yan sandan sirrinsa na DDS da aka tsinta a zube a 2001, ɗauke da sunayen mutum 1,208 da suka mutu ko aka kashe. Su da kansu suka rubuta.

Abin da ke hannun dangi tun mutum yana da rai ba shi da yawa, amma ba banza ba ne. Kada a jira gari ya waye. A je a daren, a je da mutum biyu ko uku, da mai unguwa ko wakilin lawan in zai yiwu, don jami'i ya san an san mutumin yana nan. A nemi a ga sunansa a littafi da ranar da awar da aka kawo shi. In yana shan magani a faɗa da ƙarfi a gaban shaida. Sashe na 123 ya ba shi da lauyansa da danginsa damar neman likita ya duba shi. In wa'adi ya wuce, sashe na 584 ya buɗe ƙofar kai kuka wurin shugaban babbar kotu don a sake shi nan take. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Kamaru, wadda dokar 2019 ta ɗora wa aikin leƙa wuraren tsare mutane. Ban ce kowace ƙofa in ka ƙwanƙwasa za ta buɗe ba. Amma wanda ake zuwa dubawa safe da yamma, hannu yakan yi nauyi a kansa.

Mu dai ranar nan ba mu tafi ba. Dattijuwa ta shimfiɗa gyalenta a gindin dalbejiya ta zauna, ni na koma na ɗauko mai unguwa. Wajen ƙarfe biyu aka rubuta sunan. Ta kawo kunu a jarka da tuwo a kwano, mai gadi ya ce sai ta ɗanɗana tukuna; ta kurɓa, ta gutsuri tuwon ta haɗiye, sannan aka shigar. Kwanon ya dawo kamar yadda ya tafi, jarkar ce kawai ta dawo ba komai.

Litinin da hantsi aka sake shi, bayan an haɗa wa fasinja kuɗin waya. Ya fito yana taka gefen ƙafa kamar mai tafiya a kan garwashi, silifas ɗin a hannu don ƙafar ta ƙi shiga. Da daddare uwar ta aiko a kira ni, ta nuna mini wani gwangwani a bayan ɗaki. Fitsarin kamar an dafa shayi an manta shi a wuta. Muka sa shi a mota zuwa asibiti, ya sha ƙarin ruwa leda bayan leda, kwana shida, Allah ya sa ƙodar ta farfaɗo.

Na ce mata, "Inna, mu roƙi likita ya rubuta mana takarda. Ko ba yau ba, za ta yi amfani."

Ta daɗe tana kallon ƙafafunsa. Ta ce, "Malam, gobe a titin nan zai tuƙa babur, su kuma suna tsaye a kai. Ya fito da ransa. Ka bar ni."

Ban ƙara magana ba. A littafinsu an kawo shi Asabar ƙarfe biyu, an sake shi Litinin ƙarfe goma, ko awa 48 bai cika ba. Daren Juma'a, wanda a cikinsa aka yi wa ƙafafun nan abin da aka yi musu, ba ya cikin littafin kowa.